Yadda Za Ka Riƙe Motar Tsere a Gidan Waya Ba Tare da Ka Sayar da Gonar Citta Ba

Wannan rubutu na mutum biyu ne: wanda ya riga ya sayi motar tsere, da wanda aka bar wa amanarta. Ni ina cikin kashi na biyu. Ƙanena ya tafi karatu waje, ya ajiye mini tasa, ja, mai ƙofa biyu, cikinta na neman shafar ƙasa, ya ce, "Yaya, ka riƙa ɗan zagayawa da ita kada batir ya mutu." Na riƙe amana daminar nan da ta wuce, abin da na gani a kan taya kuma shi ya hana ni yin shiru. Ba zan ɓata maka lokaci da yadda ake kafa jak ko kwance noti ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa irin wannan mota daga nan zuwa Kafanchan ya riga ya sauke wannan karatu a bakin hanya, ruwa na dukansa, yara na kallo.

Na ɗaya: koyi karatun jikin taya.

Durƙusa ka duba, za ka ga rubutu irin 245/35 R19. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 245. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 19. Ta tsakiya ita ce makashinka: tana nufin tsayin gefen tayar kashi 35 ne cikin ɗari na faɗinta, wato milimita 86. Maƙwabcinka mai Corolla yana tafiya a kan 195/65 R15, gefen tasa milimita 127. Wannan ratar ta santimita 4 ita ke raba wanda ya faɗa rami ya ce "subhanallahi" ya wuce, da wanda ya faɗa ramin ya fito yana neman lambar mai janwe. Idan gefen taya gajere ne, bakin rami yakan matse shi a jikin rim har zaren ciki ya tsinke. Washegari ka ga kumburi ya fito a gefe. Wannan kumburi ba ya ɗaukar faci, ba ya ɗaukar lallashi. Tayar ta gama aiki, ko da zanenta na nan sabo fil.

Akwai wata lambar kuma ta ƙarkon roba. A tayar motar gida za ka iya ganin 500 ko sama da haka, a ta motar tsere sau da yawa 200 zuwa 300 ne. Da gangan aka yi robar da laushi don ta kama titi a kwana, kuma tana kama shi ne yadda alli ke rubutu a allo: sai ta bar wani abu na jikinta a wurin. Ko a Jamus, inda kwalta take sumul, irin wannan taya takan suɗe tun ta motar gida ba ta ci rabin rayuwarta ba. A wurinmu kuwa ba kasafai take samun darajar suɗewa ba, rami ke riga tsufa.

Na biyu: ka san ramukanka da suna.

Da rani wannan abu ne mai sauƙi, ido na ganin abin da zai kauce wa. Amma daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da hadari ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ya juye mana, kowane rami yakan cika fal, ya kwanta lumui, jan ruwa iri ɗaya, mai zurfin yatsa da mai zurfin gwiwa ba ka bambance su. Shawarata a nan ita ce ka bi bayan direban Sharon ɗin haya. Waɗannan bayin Allah sun san hanyar Godogodo, da ta Kwoi, da ta Fores, rami bayan rami. Inda ya karkata hagu, karkata. Inda ya sauka daga kwalta ya bi gefen gona, to fa nan gizo ke saƙar, domin cikin motarsa ya fi naka nisa da ƙasa, inda ya wuce lafiya kai a nan za ka bar rabin bamba.

Tunda an zo maganar cikin mota, bari in faɗi abin da ke cina game da tudun rage gudu. Na san dalilin yin su, kuma ina goyon baya da zuciya ɗaya: garin da mota ta taɓa kaɗe masa yaro yana da hakkin ya tilasta wa direbobi taka birki. Amma jama'a, a ji tausayi a yi awo! Wani garin zai yi nasa da siminti, wani da jar ƙasa, wani ya jera kututture ya rufe da yashi, wani ya yi uku a jere ba fenti ba alama, ka zo da magariba ba ka gan su ba sai da ka ji su a ƙugunka. Tsakanin cikin motar tsere da ƙasa abin da bai wuce santimita 12 ko 13 ba ne. Dole ka tsaya cak, ka karkace, ka hau da ƙafa ɗaya, ka sauke, ka hau da ɗayar, salansa na kuka a ƙarƙashinka, 'yan acaɓa shida na yi maka ham a baya, wata mai gasa masara na ba ka umarni da hannu: "Oga, ƙara hagu kaɗan, hagu, yawwa!" Allah ya saka mata da alheri, ta fi wasu injiniyoyi sanin aikin. An rubuta W a jikin tayar, alamar tana jure gudun kilomita 270 a awa. A gaban kasuwa ranar cinta, mai tura baro ma sai ya wuce ka.

Na uku: riƙe mai facinka da mutunci, amma sayi gejinka.

Mai faci mutum ne da ya cancanci girmamawa. Yana zaune cikin rana da injin iskarsa da bahon ruwansa, shi ke ceton matafiya da dare. Sai dai ya saba da tayar bas da ta a-kori-kura, hannunsa ya saba da cika iska har taya ta yi tauri. Ranar da namu ya fara ganin tayar nan sai da ya zagaya ta, ya ce, "Malam, wannan ai ba ta da ciki, ina iskar za ta zauna?" Tambayarsa na kan hanya. Iskar da motarka ke so tana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kada a bi ta. Ka auna da safe kafin ka fita, tayar na sanyi, domin zafin tafiya na ƙara awon. Da hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sa mutanen Manchok hura wuta a tsakar gida, awon yakan sauka da kansa ba ƙusa ba komai. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ta cinye. Ta yi kaɗan, gefuna su cinye, ta ɗau zafi, rami kuma ya same ta a ɓagas. Kada kuma ka bari a cire ta daga rim da ƙarfe da guduma. Nemi mai inji, ko da sai ka kai Kafanchan ko Jos.

Na huɗu: a riƙa juya tayoyi, na gaba su koma baya.

Bar wannan. Na baya sun fi na gaba faɗi a yawancin motocin nan, ba sa musanya. Wasu ma da kibiya a jikinsu, gefe ɗaya kawai suke juyawa, ta hagu ba ta zuwa dama sai an cire ta daga rim. Na bayan, da ƙarfin inji ke sauka a kansu, su ke fara ƙarewa, kuma biyu-biyu ake sauya su.

Na biyar: duba sifiya.

Buɗe but ɗin. Babu. Masu ƙera motar sun ajiye maka 'yar kwalbar gam da ƙaramin famfo, ko kuma sun sa mata irin tayar da ke iya tafiya ba iska, kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, da tunanin kafin nan ka isa shagon da ke da irinta. Daga Gidan Waya, kilomita 80 ta kowace fuska za ta kai ka wurin mutanen kirki, da doya mai kyau, da citta, amma samun inci 19 sai an dace. Sai waya zuwa Fanteka a Kaduna, ko Dilimi a Jos, ko Apo a Abuja, a ce maka akwai, a ɗoro ta a motar haya, ta iso ka ga 40 aka aiko maimakon 35, a ce maka "ai duk ɗaya ne, Alhaji." Ba ɗaya ba ne!

Na nawa muke? Bari dai in zo kan kuɗi, don nan ne zuciya ke tafasa.

Ƙasar nan tana noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba. Ta taɓa yin tayarta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, matsalar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje masu araha suka durƙusar da su. Tun daga nan farashin taya ya koma bin dala. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Ɗora baƙin mai na musamman da injin ke sha, da takalmin birki da ke cinyewa da wuri, da shokozoba, da alaimen da kowane babban rami ke ɓatawa. Ƙafar da ta goce kuwa a ɓoye take cin taya ta ciki, waje na sheƙi, ciki waya ta fito. Sa hannu ka shafa can ciki duk mako. Wannan kam shawara ce, ka riƙe ta. Ga wata: buɗe asusu na daban, duk ranar da ka sha mai ka jefa wa taya nata kason, don ita ma tana ƙonewa, ba ta da allura a gaban direba ne kawai.

Idan aljihu ya yi zafi, wani zai raɗa maka: "Akwai 'yar Baljiyam, kamar sabuwa." A nan nake roƙonka ka tsaya. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Idan uku ne kawai, tun kafin 2000 aka yi ta, ta girmi yawancin ɗaliban da ke Kwalejin Ilimi ta garin nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin a kiyayi tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Masu ƙera taya da kansu suna cewa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, kada ta wuce shekara 10. Zurfin zane kuma kada ya gaza milimita 1.6, akwai ɗan tudu a cikin ramin zanen da ke nuna an kai nan. Duba ko akwai hoton dutse da ƙanƙara a jikinta: ta hunturun Turai ce, an yi robarta don sanyi, zafin kwaltar Maris zai cinye ta da wuri. Wasu masu sayarwa na shafa mata baƙin mai ta yi ƙyalli, wasu na sake yanka mata zane da wuƙa. Ba ka san ramin da ta faɗa a can ba, ba ka san shekarun da ta yi a jibge cikin rana ba. Wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo da tirela a bayansa ya san ba wurin gwajin taya ba ne. Araha ba ta ado, a kan taya kuma har rai take ci.

Sauran shawarwarin a taƙaice: kada ka figi mota daga tsaye don burge masu shayi. Kada ka ba aboki aro ranar biki. Idan rim ɗinka zai iya komawa inci 18 da taya mai kauri ba tare da ya taɓa birki ba, mayar da shi yau.

Akwai na goma, amma raina ya ɓaci. Mai motar tsere idan ya gaji yana iya rufe ta da tamfol ya hau acaɓa, ba abin da ya rasa sai nishaɗi. Direban da ke ɗauko ɗalibai daga Kafanchan kullum ba shi da wannan zaɓi. Mai a-kori-kurar da ke fito da buhunan citta daga ƙauye zuwa kasuwar Kwoi ko Kachia ba shi da shi, alhali manoman ba su gama farfaɗowa daga cutar da ta cinye musu gonaki a 2023 ba. Ramin da ya fasa tayar da nake kuka a kai, shi ke fasa tasu, su kuma kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinsu, sai su koma kan 'yar Baljiyam da mutum bakwai a mota, da goyo, da kaya a but. Kuɗin da ba a kashe wajen cike rami ba, mu muke biyansa a shagon taya, wasu kuma a gadon asibiti. Rami ba ya zama rijiya dare ɗaya, yana farawa ne daga ɗan tsagewar da tifa ɗaya ta kwalta za ta rufe kafin ruwan farko. Masu alhakin hanyoyin nan, ku fito da rani, ku yashe magudanan ruwa, ku toshe tsagar tun tana ƙarama, ku shafa wa tudun rage gudu fenti. Mu kuma masu tuƙi, kowa ya durƙusa gobe da safe ya karanta lambobi huɗun nan kafin ya ɗauki 'ya'yan mutane.