Yadda Ranar Doha Ta Lanƙwasa Masarar Injiniya

Mu huɗu ne Hausawa a gidan da muke haya a Doha, amma mutum ɗaya ne ya samu laƙabi. Injiniya muke ce masa, ko da yake tuƙin tasi ne sana'arsa. Jikan 'yan hatsin Dawanau ne, kuma tun ranar da ya fasa asusunsa ya sayo firintar 3D, falonmu ya koma masana'anta.

Ita wannan firinta ba ruwanta da takarda. Wani zaren roba take ci, mai kaurin milimita 1.75, wanda ake sayarwa a naɗe, kilo-kilo. Takan ja zaren zuwa wani ɗan tsinin baki mai zafin kusan digiri 200, ta narkar da shi, ta yi ta shimfiɗa shi layi bisa layi har abin da aka zana a kwamfuta ya miƙe tsaye. Sunan zaren PLA, kuma asalinsa ne ya tafi da hankalin Injiniya. Sitacin masara ake mayarwa sukari, ko a ɗauki na rake, ƙwayoyin bakteriya su tsamar da shi ya koma sinadarin laktik, wato wanda ke sa nono tsami, daga nan a sarrafa shi ya zama roba. Kamfanin NatureWorks da masara yake yin nasa a garin Blair na jihar Nebraska a Amurka, masana'antar wani kamfanin kuma a Rayong ta ƙasar Tailan da rake take yi.

"Malam, matso ka shaƙa," in ji shi, yana fifita mini iskar na'urar da hannu. "Ka ji ɗan zaƙi-zaƙin nan? Kakana a buhu ya sayar da masara, ni kuwa a zare nake saye."

Abin da ya fara bugawa mariƙin waya ne na mota, kore shar, da laƙabinsa ɓaro-ɓaro a jiki. Ya manna shi a gaban sitiyari, duk fasinjan da ya shigo sai ya sha bayanin masara. Wata Juma'a a watan Yuli ya ajiye motar a fili, muka shiga masallaci, muka fito muka zarce cin shinkafar majbus. Ko da muka dawo, mariƙin ya sunkuyar da kai, hannuwansa biyu sun baje, haruffan sunan sun zazzago ƙasa. Injiniya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya zauna mini a kai?"

Makullin motar kuwa yana aljihunsa tun safe.

Ashe PLA ba ya jiran digiri 200 kafin ya saki jiki. Daga 55 zuwa 60 yake fara laushi. Doha kuma gari ne da zafinsa ya taɓa kai digiri 50.4 a Yulin 2010, gari ne da doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Motar da aka rufe gilasanta a irin wannan rana, cikinta kan zarce digiri 60 ba da wata wahala ba.

Injiniya ya yanke hukunci cewa laifin rana ne, don haka zai koma buga kayan cikin gida. Ya buga kofi mai kyan gaske, har da mariƙi. Da daddare ya saka farar jallabiyarsa, ya kira mu shaida, ya tsiyaya shayin karak yana tururi. Ya ɗaga kofin ke nan zai kai baki sai gefensa ya lotsa tsakanin yatsunsa, shayin ya bi gaban jallabiya har gwiwa. Babu wanda ya yi dariya sai da ya shiga banɗaki.

Agusta ta zo da nata. A wannan watan laimar teku kan lulluɓe Doha, mutum ya fito daga ɗaki tabaransa ya yi hazo nan take. Injiniya ya bar naɗin zaren a buɗe kusa da taga, ya kuma zubar da 'yar jakar ƙwayoyin tsotse danshi da ta zo a cikin ledar, wai shara ce. Zaren ya sha laima ya ƙoshi. Da ya shiga bakin na'ura, ruwan cikinsa ya riƙa zama tururi yana fashewa, tas, tas, tas, abin da ake bugawa ya fito duk gashi-gashi. Abokin zamanmu ɗan Maraɗi ya leƙo daga kicin ya ce, "Injiniya, masararka ta fara gugguru, a kawo gishiri?"

Ran nan ya tattara gawar mariƙi da ta kofi ya binne su a tukunyar na'a-na'ar da ke baranda. Tunda daga gona suka fito, in ji shi, su koma ƙasa su zama taki. Ya yi ta ban ruwa har sanyin Janairu ya wuce. Da ya tona, sai ga su kore shar, ko ƙwarzane babu. Robar da zafin mota ya lanƙwasa cikin sa'o'i kaɗan ta ƙi ruɓewa cikin watanni, domin ruɓewarta sai a masana'antar taki, inda ake riƙe zafi a wajen digiri 58 tare da danshi da ƙwayoyin halitta na tsawon makonni.

Yanzu kayan mota da zaren PETG yake buga su, wanda ke jure zafi har wajen digiri 80, sai dai daga man fetur ake yin sa, abin da Injiniya ba ya son a tuna masa. PLA kuwa ya bar shi ga maratayin makullai da 'yan motocin wasa da yake aika wa yara gida, yana adana naɗin a leda mai zif.

Mai karatu na Sakkwato ko Maraɗi da ke shirin sayen irin wannan na'ura, ranarku ta Afrilu ba ta da sauƙi ita ma. Abin da kuka buga da PLA ku bar shi a inuwa, shayi kuma a zuba shi a kofin tangaran.