Alhajin Jidda a Layin Burodi

A Maiwurno ta ƙasar Sudan, mutumin da ke aiki a Saudiyya ba ya shigowa gari a ɓoye. Kafin ka sauka a Khartum labarin akwatunanka ya riga ka isa gida, har akwai wanda ya san nauyin kowanne. Haka na taso daga Jidda a farkon Maris na 2020, da turare da dabino da jallabiyoyi, da wayar da ƙanwata ta shekara tana yi mini tuni a kanta. Kafilina ya ba ni ɗan gajeren hutu daga shagon kayan gini, bizar fita da dawowa tana cikin fasfo. Niyyata in gaida Inna, in ci agashe, a ce mini Alhaji, in koma kafin aljihu ya tona mini asiri.

Lokacin an fara jin ƙishin-ƙishin ɗin korona. Saudiyya ta dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairu, ana kuma nanatawa cewa wanda ya zo daga waje ya killace kansa kwana 14. Zaman Saudiyya ya koya mini tsoron doka, don haka daga Sinnar na shiga mota takunkumi a fuska, kwalbar man wanke hannu a aljihun gaba.

Baffa ne ya fara tarbata a ƙofar gida. Ya miƙo hannu, na dafe ƙirji na ja da baya. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai kuma me ya sami bakinka? Haƙori ne?" Ina cikin yi masa bayanin tazarar da likitoci suka ce a bayar, Goggo ta fito daga ciki ta rungume ni tana guɗa, yara suka kama ƙafafuna, wani maƙwabci ya janye takunkumin don ya ga ko na yi ƙiba. A duk gidan Inna ce kaɗai ta kiyaye dokar, ita ma ba don korona ba. Ni ɗan fari ne, tun da ta haife ni take ba ni tazara. Daga bakin ɗakinta ta dubi bango ta ce, "An zo lafiya?"

Na roƙi a ba ni ɗaki ni kaɗai. Aka ba ni ɗakin baƙi, wanda ke manne da zaure, inda duk mai shiga da mai fita sai ya leƙa. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa Alhajin Jidda ya dawo ba lafiya, an rufe shi a ɗaki. Wanda da sai bayan mako zai zo gaisuwa, yanzu dubiya ta zama masa wajibi. Dattawa suka jeru a kan angarebuna, wato gadajen igiya, aka kawo jabana ta gahawa, ƙananan kofuna suna yawo daga baki zuwa baki. Kowa ya tashi sai ya dafa goshina ya yi addu'a, wani ma har da tofi.

Sai Kaka ta iso da kasko. A waccan shekarar a Sudan babu gidan da ba a turara bagaruwa ba, wadda Larabawa ke kira garad, don an yi ittifaƙin ita ce maganin cutar. Ta zuba a garwashi, ta ja ƙofa, ta lulluɓe ni da bargo. Hayaƙi ya shaƙe ni, na kama tari. Kaka ta leƙa waje ta ce, "Kun ji ko? Da ma tana jikinsa, ga ta nan tana fita." Ta ƙara bagaruwa. Duk tarin da na yi shaida ne a kaina, duk shaida kuma sai an ƙara mata garwashi.

Ina cikin wannan jinya ta dole duniya ta rufe. Ranar 15 ga Maris Saudiyya ta dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa, washegari Sudan ta rufe filayen jirgi da tashoshin ruwa da iyakoki. A watan Afrilu aka kulle Khartum, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Na kira kafilina, ya yi mini addu'a mai tsawo, a ƙarshenta ya ce albashi sai an ga abin da Allah ya yi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ba su faɗi abin da ake yi da raɓar da ta ƙi bushewa ba, amma ni na gani a kwano. Ranar da na zo rago aka yanka. Bayan nan aka koma kaza. Daga kaza sai kisra da miyar kuɓewa, daga nan sai, "Duba tukunya, ina jin akwai saura." Sunana ma haka ya bi. Na fara da Alhaji, na sauko Yaya, har ranar da na ji Inna tana tambaya daga madafa, "Wancan yaron ya tashi kuwa? A ce masa burodi." Shekarar ce ta layin burodi da layin fetur da layin gas, kuma a duk gidan ni kaɗai ne ba ni da aikin yi. Kafin asuba ina bakin gidan burodi da jaka a hannu, sanye da jallabiyar da na kawo wa ƙanena tsaraba, wadda yanzu aro nake yi. In zan duba labarin jirage, sai na lallaɓa ƙanwata ta kunna mini intanet daga wayar da na saya mata. Tana ba ni minti biyar, tana tsaye a kaina.

Wata rana da yamma ina ƙorafi a gindin bishiya, Baffa ya ajiye carbinsa ya ce, "Kai yaro, ka san garin da kake zaune kuwa?" Ya ɗauko tarihin da kowane ɗan Maiwurno ya sha ji: yadda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka sauka a wannan gaɓa ta kogin da ke gangarowa daga Habasha. "Su ma Makka suka nufa," in ji shi. "Suka ce bari a ɗan huta a nan. Ga shi fiye da shekara ɗari muna hutawa. Kai da ka zo jiya kake gaggawa? Nemi gona."

Damina ta zo da nata. A watan Satumba kogin ya cika irin cikar da aka yi shekara ɗari ba a gani ba, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, jihar Sinnar kuma tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. Na shiga sahun masu cika buhuna da ƙasa. Ina cikin taɓo har gwiwa wani yaro ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Baba, ba kai ne da kake Saudiyya ba?" Wannan "da" ɗin ya fi buhun nauyi.

Daga 15 ga Satumba Saudiyya ta yarda masu iƙama, wato takardar izinin zama, su koma, da sharaɗin takardar gwajin PCR. Hanya ta buɗe, aljihu kuwa ya rufe tuntuni. A nan aka yi abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu: aka yi wa mai zaman Saudiyya karo-karo. Baffa ya kawo nasa yana tabbatar da kowa ya gani. Inna ba ta ce komai ba, sai dai na wayi gari babu jar akuyarta a turke. Kafin kuɗin su haɗu, korona ta yi ajalin tsohon Firayim Minista Sadiƙ al-Mahdi a ƙarshen Nuwamba. Ranar ce Baffa ya yarda cutar gaskiya ce, ya zo ya ari takunkumina, ya rataya shi a haɓa.

Sauran aiki takarda. A lokacin gwajin yana da wa'adin awa 72, tsakaninmu da Khartum kuwa kusan kilomita 300 ne ta Wad Madani, ga motoci suna kwana a layin fetur. Na isa, aka zura mini tsinke a hanci har na tuno karatun allon da na manta. Sakamako ya fito lafiya lau, sai dai an rubuta sunana da harafin da babu shi a fasfo. Kafin a gyara, wa'adi ya ci rabi. Na isa filin jirgi, aka ce an ɗage tashi. Ranar da jirgi ya shirya, takarda ta mutu. Da na sake takarda, jirgi ya sake shawara. Har ta kai mai tsinken yana ganina yake tambayar lafiyar mutanen gida, ni kuma ina zaɓar masa hancin da ya huta.

Da Allah ya yi, na sauka Jidda da kaya sun fi waɗanda na tafi da su nauyi, kuma babu nawa a ciki. Duk saƙo ne: yajin agashe, busasshiyar kuɓewa, ƙullin bagaruwa, kowanne da sunan mai shi a Jidda ko Makka. Aka ce in killace kaina a ɗaki, manhajar Tawakkalna tana lura da ni a waya. Na kulle ƙofa na ce yau dai zan ga yadda killacewa take. Ban gama cire takalmi ba aka fara ƙwanƙwasawa. Mutanen Maiwurno ne, kowa ya zo karɓar saƙonsa. Ina miƙa ƙulli ta ƙasan ƙofa, suna miƙo gaisuwa ta sama, wata gwaggonmu kuma tana rantsuwa ba za ta tafi ba sai ta ga idona, don an bugo mata cewa na sha jinya a gida.

Da dare saƙon murya ya shigo daga wayar ƙanwata. Na ji Inna daga nesa, kamar kullum ba da ni take magana ba: "A ce wa wancan yaron mun gode Allah da ya sauka lafiya. In ya ɗauki albashi kada ya damu da mu, ya fara da kuɗin akuya kawai. A kuma tuna masa tana da ciki aka sayar da ita, ita kuwa tagwaye take haifa."