Yadda Na Koma Baƙo a Zaurena

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni cikin Minecraft a wani dogon hutun makaranta. Ya ce, "Kawu, wasan gini ne kawai, babu guje-guje, ya dace da shekarunka." Maganar shekarun ba ta yi mini daɗi ba, amma na karɓi kwamfutar. Wasan dai wani ɗan ƙasar Suwidin ne, Markus Persson, ya fito da shi a 2009, Microsoft kuma suka saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5. Komai na cikinsa bulo ne: ƙasa bulo, itace bulo, hatta tumaki kusurwa huɗu gare su. Yaron ya sa ni a wata saba, wato duniya guda da mutane daga ƙasashe daban-daban suke shiga tare ta intanet, ya bar ni da Allah.

Abin da ya sace mini zuciya shi ne tubalin laka, wanda aka ƙara a wasan a 2022. Laka ake cakuɗawa da alkama, a curo ta, sannan a yi tubali. Na ce ashe mutanen nan sun san amfanin ramno. Nan take na ɗaura niyyar gina gida irin na mutunci: zaure a gaba, tsakar gida mai faɗi, turaka, rumbu, turken tumaki, da zankwaye a kowace kusurwa ta soro. Sauran 'yan wasa suna can suna yaƙi da dodanni, ni kuwa ina nan ina daidaita zanko. Da na gama, har wani baƙo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Na ɗauka sha'awa ce. Ashe lissafi yake.

Washegari na tarar an cire ƙofa, an kora tumaki, an kuma tuttula narkakken dutse a rijiyata. Na kira yaron ina huci.

"Kawu, ka yi rajistar filin kuwa?"

"Wace irin rajista? Da hannuna na gina!"

"Kawu, a nan gini ba ya ba da fili. Sai shebur ɗin zinare."

Wanda ya taɓa sayen fuloti a bayan gari babu takarda ya san irin sanyin da jikina ya yi. Sabar tamu tana amfani da wata manhaja mai suna GriefPrevention. Dokarta ita ce ka riƙe shebur na zinare, ka danna maɓallin dama a wata kusurwa ta filinka, ka je kusurwar da ke kallonta ka sake dannawa. Duk abin da ya faɗo cikin wannan murabba'i naka ne har sararin sama, ba mai fasa bulo ko buɗe akwati. Manhajar ma tana yi wa sabon shiga alfarma: akwatin farko da ya ajiye, sai ta kewaye masa bulo 9 tsawo, 9 faɗi. To, ni nawa akwatin farkon yana cikin wani rami da na haƙa a darena na farko, ina gudun kwarangwal mai kwari da baka. An tsare mini rami, an bar fada a buɗe.

Na nemo zinare, na haɗa da sanduna biyu, na ƙera shebur. Sai wani sabon zance ya taso: filin ma da awo ake ba da shi. Ana fara ba ka bulo 100, sannan duk awa ɗaya ta wasa a ƙara maka wani 100. Abin da na tara ya isa turaka da rumbu da tsakar gida, amma zaure, da yake ya turo kai gaba, ya tsaya a waje. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na bar mutumina a tsaye a tsakar gida, na je na kwanta, da nufin in wayi gari da arziki. Da safe ko bulo ɗaya ba a ƙara ba, domin manhajar ba ta ƙirga wa wanda ya tsaya ƙiƙam. Data ce kawai ta ƙone.

Kafin in tara na zaure, wani ya riga ni. Na doso gida sai na ga ƙofar ƙarfe a bakin zaurena, da ɗan maɓalli a gefe. Na danna, sai ga jan rubutu yana sanar da ni ba ni da izinin mai wurin. Mai wurin! Na riƙo sanda na taɓa ƙasa, wanda haka ake duba mai fili, sai ga sunan baƙon nan mai kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Na yi masa doguwar magana ta dattako, na ambaci haƙƙin maƙwabtaka. Ya amsa da "kkkkk". Yaron ya ce haka mutanen Burazil suke dariya a rubuce, kuma ga alama bai wuce sa'ansa ba. Dole na fasa ƙofa ta bayan gida, kusa da makewayi, ni da gidana.

Tunda ba zaure, na yanke shawarar in riƙa karɓar baƙi a tsakar gida. Izini a manhajar hawa-hawa ne. Akwai /accesstrust, na taɓa maɓalli da hawa gado. Akwai /containertrust, wanda ya haɗa da akwatuna da dabbobi da gona. Sai /trust, wanda ke ba mutum damar gini da rushewa. In ka ƙara kalmar public a gaba, ka ba kowa da kowa ke nan. Yaron ya ce, "Kawu, na farkon za ka rubuta." Na duba na ga na ƙarshen ya fi gajarta, yatsuna kuma ba na yara ba ne. Har gobe ina ganin laifin wanda ya ɗauki umarni mafi haɗari ya mai da shi mafi sauƙin rubutu.

Sallar la'asar kawai na je. Ban san yadda labari ya bazu ba, amma da na dawo an kwashe akwatuna, an girbe alkama, an yanka tumaki, sannan aka bi bango tubali-tubali. Da yake a wasan nan tubali ba ya faɗowa in an zare na ƙarƙashinsa, sai na tarar da zankwayena suna reto a sama, babu gida a ƙasansu. Abu ɗaya ne ya tsira lafiya lau, ko ƙwarzane babu: zauren, saboda yana cikin filin ɗan Burazil.

Na kai ƙara wurin mai kula da sabar. Ya duba, ya ce manhaja ta yi aikinta daidai, ni na buɗe wa jama'a, in rubuta /untrust public in rufe. Na rubuta. Yanzu ina da fili mai cikakken tsaro wanda babu komai a cikinsa. Game da zaure kuwa, ya ce a dokar sabar fili ba ya kuɓuce wa mai shi sai ya yi kwana 60 bai leƙo ba. Ɗan Burazil ɗin nan kuwa kullum sai ya shigo, kuma a halin yanzu aladu yake kiwo a inda na yi niyyar shimfiɗa wa malamai tabarma.

Don Allah, jama'a, duk wanda yake da ɗan'uwa a Burazil ya taimaka a nemo iyayen yaron nan, a roƙe su su karɓe masa kwamfuta na wata biyu.