Kafin Mai Gida Ya Tsine wa Kamfanin Intanet

A babban gida mai sassa da yawa, inda rauta ke zaune a turakar mai gida, samari kuma suka ja kebul har shagonsu na ƙofar gida, ba a rasa ranar da intanet zai fara jan ƙafa. Bidiyo ya tsaya yana juyi, ƙwallo ta daskare a sama daidai lokacin bugun fanareti. Nan take majalisar gida za ta yanke hukunci: ko kamfani ya cuce su, ko kuwa kebul ya yi tsawo har data ta gaji a hanya. Wanda aka ɗora wa binciken wannan ƙara ya dace ya sha ruwa tukuna, domin mafi yawan lokuta mai laifin yana cikin gida, kuma bai fi kan ɗan yatsa girma ba.

Ya fara da sallamar tsawo daga tuhuma, muddin bai haura mita 100 ba. Wannan ita ce iyakar da ƙa'idar Ethernet ta gindaya: mita 90 na kebul ɗin da ke bin bango da silin, da mita 10 na guntayen da ake jonawa a bakin na'urori. Cikin wannan iyaka, kebul Cat5e na ƙwarai yana ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa, ko mita 5 ne ko 95. Saƙo na gudu a cikinsa da kusan kashi biyu cikin uku na saurin haske, don haka babu maganar gajiya. Sai dai awon ya bi kebul ɗin kansa, da hawa bango da zagaye zaure da tulin da aka naɗe a bayan kujera. Galibi akwai lambobin mita a jikin robarsa. A karanta na farko da na ƙarshe, a yi lissafi.

Daga nan sai gwaji. A roƙi masu sauke fina-finai su dakata, abin da ya fi komai wuya a duk aikin. A kashe Wi-Fi na kwamfuta, a jona ta da rauta da guntun kebul, a buɗe Speedtest ko Fast.com, a rubuta abin da ya fito. Sannan a ɗauke ta zuwa shagon samari a maimaita. Idan lambobin biyu sun zo daidai kuma duka ba su da auki, dogon kebul ya fita kunya. Idan na turaka ya nuna 200, na shago ya maƙale a 94 ko 95, to an kama bakin zaren.

Wannan 94 ɗin tana da labari. Cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas, an murɗa su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan. Gudun megabit 1,000 yana buƙatar dukkansu, shi kuwa na megabit 100 tagwaye biyu sun ishe shi. Da zarar waya ɗaya cikin tagwayen da gudun 100 ba ya buƙata ta tsinke ko ta kasa taɓa ƙarfenta, na'urorin biyu sukan sasanta tsakaninsu su sauko zuwa 100, ba tare da sun sanar da kowa ba. Intanet na aiki, fitila na ƙiftawa, amma kashi tara cikin goma na ƙarfin layin ya tafi. A Windows, shafin bayanin Ethernet yana nuna ko an ƙulla a 1.0 Gbps ko 100 Mbps, kuma wannan layi ɗaya ya fi awa guda ta gardama amfani.

Wurin da wayar ta fi yawan tsinkewa shi ne kan kebul, ɗan farin robar nan RJ45. Yana da jeri nasa, wanda aka fi bi shi ne T568B: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, sai ƙasa-ƙasa. Akwai mai gyaran da zai ce ai ko yaya aka jera, in dai bakin biyu sun zo ɗaya, shi ke nan. A kebul mai mita biyu maganarsa na iya wucewa. A mai mita 80 asiri ke tonuwa, domin ƙafa ta 3 da ta 6 dole su fito daga tagwaye ɗaya. Murɗin nan shi ne garkuwar saƙo daga hayaniyar lantarki. Abin takaicin, ƙaramar na'urar gwaji mai fitilu takwas za ta haska duka, ta ce lafiya lau. Maganin ba tsada: a yanke kan, a jera daidai, kada a warware murɗin fiye da milimita 13, a matse sabo.

In kai ya gyaru gudu bai dawo ba, sai a ɗauko reza a kankare waya ɗaya. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki. Idan fari ya leƙo, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, wanda ake kira CCA. Arahar kwalinsa mai mita 305 tana da daɗi a kasuwa, amma yana karyewa da wuri, yana kuma raunana saƙo a doguwar tafiya, ko da an buga Cat6 a jikinsa da manyan baƙaƙe. Irin wannan ba ya gyaruwa, sauya shi ake yi.

Hanyar da kebul ya bi ma a bi ta da ƙafa. Za a iya tarar da shi ɗaure da wayar janareta tsawon katanga, ko ƙyaure ya daɗe yana cizonsa, ko ƙusa ta huda shi, ko ɓera ya yi kalaci da shi a silin. Wani wurin an tsinka an murɗa da hannu an naɗe da salatif kamar wayar ƙwan fitila. A tsakar gida kuwa ba mamaki an shanya masa zane. Kebul na ɗaki ba ya jure rana da damina; na waje daban yake, ko a zura shi a bututun roba. Inda dole ya haɗu da wayar wuta, ya gitta ta ya wuce.

Kada a manta da tsofaffin na'urori. Rauta ko suwic da aka rubuta 10/100 a jikinsa ba zai ba da fiye da 100 ba, ko da kebul na zinari ne.

Gidan da nisansa ya wuce mita 100 da gaske, ya sa ƙaramin suwic mai gigabit a tsakiya, wanda zai sabunta saƙon ya ba shi wasu mita 100, a kuma jona shi da inbata don kada ɗauke wuta ta raba gida biyu. Tsakanin gini da gini faiba ta fi, tunda gilashi ba ya ɗauko tsawa ya kai wa rauta. Idan an bi duk wannan, guntun kebul a gindin rauta kuma har yanzu ya nuna ƙasa da abin da ake biya, mai gida ya kira kamfani da lambobinsa a rubuce, ranar yana da gaskiyarsa.