Jagorar Jambito: Yadda Za Ka Shiga Jami'a Ba Tare da Cikinka Ya Ɗuri Ruwa Ba

Ƙanena, JAMB ta sake ka, sunanka ya fito, gwaggo ta rangaɗa guɗa, kawu har ya fara kiran ka Dakta tun ba ka ga ƙofar aji ba. Sai dai in dare ya yi ka kwanta, zuciya ta kama lissafi: wa zai tashe ni, wa zai dafa mini, wa na sani a can? Kwantar da hankalinka. Duk ɗan aji huɗun da za ka gani yana tafiya da ƙasaita, da irin wannan fargabar ya shigo, kuma tambaya da gaisuwa da cin abinci a kan lokaci ne suka kore ta. Na ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin misali, amma mai tafiya Bayero ko Sakkwato ko Maiduguri ma zai ga kansa a ciki. Ƙanwata, duk inda na ce "ka", har da ke ake.

1. Kada ka kwashe gidanku

Inna za ta so ta haɗa maka da turmi da taɓarya, in da hali har da akuyar gida. Karɓi abin da ciki zai gode maka a kai: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, daddawa, man gyaɗa da dambun nama. Bokiti da tsintsiya da kofi kuwa suna nan jibge a kasuwar Samaru, ba sai sun sha hanya tun daga Gumel ba. Abu uku kada ka kuskura ka baro: bargo, domin sanyin hunturun Samaru a Disamba da Janairu ba ya duba sakamakon jarrabawar kowa, fitila mai caji, da kwaɗo mai ƙwari na akwati.

2. Layi shi ne darasin farko

Makon rajista makon layi ne. Za ka bi layin banki, ka bi na tantance takardu, ka bi na ɗaki, wani lokacin ma ka bi wani layin sai ka kai gaba ka ji ashe na wata tsangaya ne. Ka yi hoton kowace takarda da yawa, ka tanadi ƙananan hotunanka, ka adana takardun asali a inda ruwa da aboki ba za su taɓa su ba. Kuɗin makaranta ka biya ta hanyar da jami'a ta ayyana kaɗai, ka riƙe rasit. Duk wanda ya matso da murmushi ya ce "kawo in biya maka, na san wani a ciki", ka yi masa godiya ka ƙara damƙe aljihunka. Layin nan kuma yana da lada: wanda ke gabanka yana share gumi, sau da yawa shi ne aminin da zai riƙe maka kujera shekara huɗu. Yi masa sallama.

3. Ɓata hanya ba abin kunya ba ne

Jami'ar da aka kafa tun 1962 gari ce guda. Babbar harabarta tana Samaru, masu karatun shari'a da harkokin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa yana Shika. Saboda haka tun kafin ka sauka a Kwangila ka san inda ka nufa, kada ka shafe wuni kana neman ajin lauyoyi a tsakanin masu nazarin gona. Kowa zai gane kai jambito ne, wato sabon shiga: ga fayil a hammata, ga sabon takalmi yana ƙara, ga wuya a ɗage ana kallon dogon ginin hukumar jami'a. Tunda an riga an gane ka, me ya rage? Yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Masu gadi da masu shara sun fi kowa sanin lungunan makaranta, kuma gaisuwa ɗaya ta ladabi ta ishe su su nuna maka har ƙofa.

4. Ɗaki ɗaya, Nijeriya guda

Ko ɗakin kwanan Danfodiyo aka ba ka, ko ke aka kai ki na Amina, za ka tarar da mutanen da ba ka taɓa zama da irinsu ba. Ga Bayarabe, ga Ibo, ga Tibi, ga Banufe, ga Babarbare. Ɗaya yana minshari, ɗaya ba ya iya karatu sai da ƙarfi, ɗaya kuma yana ganin cajarka gadon kakansa ce. Tun daren farko ku yi magana a kan shara da bokiti da kashe wuta, cikin raha, kafin abin ya zama rigima. Sannan ka fito da yajin Inna ka ajiye a tsakiya. Ba a taɓa jin ɗakin da yaji mai daɗi ya kasa sasantawa ba.

Akwai fargabar da 'yan uwanmu da yawa ke ɓoyewa, wato Turanci. Yaro ya zo da ƙwaƙwalwa tsaf, amma don tsoron kada ya yi ɓari a yi masa dariya, sai ya kulle baki zango guda. Ƙanena, buɗe baki ka yi. In ka karya shi, gobe ka ɗora. Wanda ke zuba shi babu gargada ba lalle ya fi ka lissafi ko fahimta ba, kuma shi ma yana nan yana fama da "ina kwana". Ku yi musaya: ka koya masa cinikin tumatir da Hausa, ya gyara maka naka. Cikin wata uku za ka ji kanka kana gardama a aji har ana cewa ka yi haƙuri haka nan.

5. Ciki da aljihu

Watan ɗalibi hawa uku ne. Makon farko shayi da ƙwai da Indomie, har da yi wa abokai tayi. Tsakiyar wata garau-garau. Ƙarshen wata a jiƙa gari a jira ya kumbura, a koma tsarin da ɗalibai ke kira 0-1-0, wato babu na safe, akwai na rana, babu na dare. Maganin wannan shi ne ranar da kuɗi suka shigo ka raba su huɗu, ka ɗauka sauran ukun na wani ne. Samari kuma, kafin ku bar gida ku tsaya a gindin murhu ku koyi dafa shinkafa da wake da miya ɗaya. Wanda ya iya girki a ɗakin kwanan ɗalibai ba ya rasa masoya. In nauyin kuɗi ya yi wa gida yawa, tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND. Ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka ji sharuɗɗansa.

6. Babu ƙararrawa, babu bulala

Nan ba wanda zai bi ka da dorina don ka makara, kuma a nan tarkon yake. Lacca ta ƙarfe takwas ba ta jiran wanda ya kwana yana hira. Yawancin jami'o'i suna neman ka halarci kashi 75 cikin ɗari na darasi kafin ka zauna jarrabawa, kuma gwaje-gwajen cikin zango suna ɗauke da maki 30 ko 40. Daga 70 ake samun A, kuma mai son digiri mai daraja ta ɗaya sai ya riƙe 4.50 cikin 5. Makin aji ɗaya yana bin mutum har ranar fita, don haka da sanyin safiya ake kama fara. Ka san hanyar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim tun makon farko, ka riƙa ba littafi awa biyu kullum. Hakan ya fi kwanan aji daren jarrabawa, inda mutum zai tafi da niyyar karatu har asuba a tashe shi da hantsi, handawut a manne da kumatu. In kuma wani kwas ya kayar da kai ka kwaso kari-oba, duniya ba ta tashi ba. Je wurin malamin da ke kula da ajinku, ku tsara yadda za ka rama.

7. Kewar gida

Za ta zo, galibi bayan magariba, lokacin da hanci ya saba jin ƙamshin tuwo. In hawaye ya taho, bar shi ya sauka. Bargo ba ya tona asiri. Kira gida ka ji muryar Inna, sannan ka fito waje. Je masallaci ko coci, shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ko ƙungiyar ɗaliban jiharku, buga ƙwallo da yamma. Kada ka riƙa gudu gida duk Juma'a, domin wanda ba ya zama ba ya sabo. Ka zaɓi abokai da lura, kuma duk ƙungiyar da taronta sai cikin dare, shigarta sai da rantsuwa, ka yi nesa da ita ko da wa ya gayyace ka. Idan damuwar ta ɗauki makonni ta hana ka barci da cin abinci, ka daina ɓoyewa: je asibitin makaranta ko sashen ba da shawara, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi. Don irin wannan aka ajiye su.

8. Saƙo ga Baba da Inna

Ku ma mun san kuna cikin taku fargabar. Kira sau ɗaya a rana ya wadatar, goma tana firgita yaro. In ya ce komai lafiya da murya ƙasa-ƙasa, ku ƙara tambaya a hankali. In ya faɗi wani kwas, ku fara jin dalili kafin faɗa, domin yaron da ke tsoron gida shi ne ke ɓoye matsala har ta girma. Kuɗin wata su iso kafin gari ya ƙare, addu'a kuma kada ta yanke.

Allah ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da abokan arziki, ya sa a fito da sakamakon da kowa zai yi alfahari da shi.