Bazazzagi da Firintarsa a Sharaɗa

Bawana ɗan Zazzau! Labari ya iso mini cewa ranar Litinin wani direban tirela daga kamfanin roba ya tsaya a shagonka na Sharaɗa a buga masa takardar kaya, ka miƙa masa abin da ya fito, ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Malam, wannan ai zanen tabarma ce." Layi fari, layi baƙi. Kai kuma, da digirinka na Samaru rataye a bango, sai ka ɗaga hannu ka zabga wa firintar mari. Wai birnin ilimi!

To saurara, Bakano zai koya maka kyauta. Wannan na'urar feshin tawada take yi ta wasu ƙofofi da suka fi silin gashi siranta. Ka tafi biki Tudun Wada mako uku ka bar ta, tawadar ta bushe a bakinsu. Ga kuma halinka na zare waya daga soket don tsoron kuɗin wuta. Idan ba da maɓallinta ka kashe ta ba, kan da ke feshin tawadar ba ya komawa mazauninsa inda murfi ke hana shi shan iska. Ka sa ta buga shafin gwaji, ka ga wane launi ya yanke cikin huɗun, baƙi, shuɗi, ja ko rawaya, sannan ka sa ta wanke kanta sau ɗaya ko biyu. Ban ce goma ba, don wankin tawada yake sha, kuma na san yadda kake kuka a kan naira. Da waccan tawadar mai araha da ka sayo a jarka, gara ka jiƙa ta allo da ƙaro.

Batun cin takarda kuwa, ka daina cewa aljanu ne. Shagonka a bakin titi yake, tireloli na wucewa Chalawa, ga hazon hunturu, ga shi ko tsumma ba ka taɓa rufa mata ba. Ƙura ta kwanta a kan robar da ke jan takarda har ta yi santsi kamar goshinka. Ka ɗan jiƙa ƙyalle mai tsabta ka goge ta, ka bari ta bushe. Rim ɗin nan takarda 500 ne, ba a ce ka ɗura mata su duka kamar tuwon sallah ba. Ɗebi kaɗan, ka karkaɗa su rabu, ka daidaita bakinsu. Da damina kada ka ajiye rim ɗin a kan siminti, laima ke sa su manne ta ja uku lokaci guda. In takarda ta maƙale, ja a hankali da hannu biyu, ba kokawa kake da Bagobiri ba.

Ladana gurasa biyar da tsire. Ranar Juma'a ina tafe, kuma rasit ɗin da hannu za ka rubuta mini.