Mun Sayi Ɗan Wasa, Kuɗin Taki Ya Gagara

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona manne take da gona, gado ya yanka kowacce gida goma, har ta kai idan jakinka ya yi hamma a gonarka, haɓarsa a ta maƙwabci take sauka. Takin zamani tiya-tiya ake saye, shi ma sai an yi ciniki har murya ta dushe. Amma a kowane ƙauye akwai rumfar kwano guda inda ake ɓarin miliyoyin fam ba a ko ƙifta ido, wato gidan kallon ƙwallo. A nan ne saurayin da ya ci bashin kuɗin shiga zai miƙe kan benci ya buga ƙirji ya ce, "Fam miliyan tamanin muka saye shi, kuma wallahi mun yi araha."

Da can musun gidan kallo bai wuce wa ya fi wani iya yanka ba, da ko alƙalin wasa ya ci kuɗi. Yanzu an samu ƙarin darasi, don gwamnatoci sun shigo kasuwa. A 2008 Shaikh Mansur na gidan sarautar Abu Dhabi ya sayi Manchester City, ƙungiyar da a lokacin ko rigarta ba ka gani a ƙauyukanmu sai a dilar gwanjo. A 2011 Katar ta ɗauke PSG ta Faransa, bayan shekara shida ta ajiye Yuro miliyan 222 ta ɗauko Neymar daga Barcelona. A watan Oktoban 2021 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, wanda Yarima Muhammad bin Salman ke shugabanta, ya sayi kashi 80 cikin ɗari na Newcastle a cinikin kusan fam miliyan 300. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam irin su Amnesty suka ce wannan ba son ƙwallo ba ne, wanke suna ne: ƙasar da ake zargi da kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancinta na Istanbul a 2018 tana so idan an ambace ta a tuna da raga, a manta da gawa. Hukumar Firimiya kuwa ta ce an ba ta tabbaci a rubuce cewa gwamnatin Saudiyya ba za ta juya ƙungiyar ba. Asusun na gwamnati, shugaban asusun Yarima, amma gwamnati ba ruwanta. Duk Bakanon da ya taɓa jin gwamna ya rantse ba ya tsoma baki a harkar ƙananan hukumomi ya san irin wannan tabbacin.

To, me ya kamata mai goyon baya ya yi? Kafin a kai ga abin da ya kamata, a duba abin da ake yi, don masu kallonmu sun rabu mazhabobi.

Mazhaba ta farko ita ce ta masu tsoron Allah ranar da aka ci su. Galibinsu 'yan Man U ne. Duk ranar da City ta lallasa su, kafin a kashe janareta sun zama malaman wa'azi: "Ai wannan ba ƙwallo ba ce, kuɗin mai ne. Kofin da aka saya ba kofi ba ne. Tuhuma 115 ke kansu." Tuhumar gaskiya ce, a Fabrairun 2023 hukumar Firimiya ta jera wa City ita kan karya dokokin kashe kuɗi. Sai dai a wannan shekarar dai, da aka ji Shaikh Jassim na Katar ya taya Man U, su waɗannan malaman ne suka duƙufa da addu'a Allah Ya sa cinikin ya faɗa. Da ya janye a watan Oktoba, zaman makoki suka yi. Ashe kuɗin mai najasa ne kawai idan a tukunyar maƙwabci ya zuba. 'Yan Arsenal na gefe suna dariya, suna cewa su nasu kuɗin halal ne, alhali sunan filinsu na kamfanin jirgin gwamnatin Dubai ne, kuma a 2018 suka ɗaura tallar gwamnatin Ruwanda a hannun riga. 'Yan Chelsea ba su cika ɗaga murya a wannan babi ba, don sun san shekara 19 suka yi suna shan romon mai ƙungiyarsu Abramovich kafin Birtaniya ta ƙwace masa ludayi a 2022 saboda kusancinsa da Putin.

Mazhaba ta biyu ta Alhazai ce. Su ba sa shiga gidan kallo, a teburin mai shayi suke karɓar rahoto. Tunda aka ce musu Saudiyya ta sayi ƙungiya a Ingila, magana ta ƙare.

"Alhaji, an ce fa gwamnatin can tana ɗaure mutane a kan rubutu a waya."

"Kai yaro, ka kiyayi bakinka. Ka taɓa zuwa? Ni na je, na gani da idona, ko ruwan sha kyauta ake rabawa."

"Allah Ya ba Alhaji haƙuri, ai ba Harami nake nufi ba, gwamnati nake nufi."

"Duk ɗaya ne!"

Ba ɗaya ba ne, Alhaji, Allah Ya ƙara maka lafiya. Alƙibla daban, ma'aikatar kuɗi daban. Ita kuwa wannan ƙungiya da ake wa kallon ta Ƙasa Mai Tsarki, shekaru ta yi tana yawo da tallar giya a ƙirji, kuma da ciniki ya faɗa wasu magoya bayanta Turawa tawul ɗin goge kwano suka ɗora a ka suka fito rawa, wai sun zama Larabawa. Su ma can akwai irin namu.

Mazhaba ta uku ita ce mafi yawan mabiya, ta "ni ƙwallo kawai na sani". Limaminsu ma Bature ne. A watan Maris na 2022 Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan mutum 81 a rana ɗaya. Washegari Newcastle ta je gidan Chelsea, wadda 'yan kwanaki kafin nan aka sa wa mai ita takunkumi. Aka tashi wasa, 'yan jarida suka tambayi kocin Newcastle, Eddie Howe, ya ce shi a bar shi a kan maganar ƙwallo. Namu na gida sun haddace wannan amsar, amma ba sa aiki da ita sai an taɓa mai ƙungiyarsu. Mutumin da ya san albashin kowane ɗan wasa, da sunan matarsa, da ranar da jijiyar cinyarsa za ta warke, da an ce ina mai ƙungiyar ya samo kuɗi sai ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne.

Ta huɗu ta ɗan boko ce, wanda ya yi zango biyu a kwaleji ya dawo da kalmar ƙauracewa. Ya sanar a majalisa cewa shi da kallon City har abada. Yana cika alkawari kuwa, ba ya shiga. A bakin taga yake tsayawa, inda ake gani kyauta. Ka ga ya tsira da aƙidarsa, ya tsira da kuɗinsa.

Wannan ɗan bokon, duk da abin dariyarsa, shi ya kawo mu kan gaɓar. Mu ɗauka duk samarin Kunci da Tsanyawa sun ƙaurace wa wasan City. Wa zai ji a jikinsa? Shaikh Mansur bai san da zamansu ba. Rigar da suke sawa ta Kantin Kwari ce, ko kwabo nata bai taɓa isa Manchester ba. Wanda zai kwana da yunwa shi ne mai gidan kallo, wanda ya riga ya biya DStv ya sayi fetur a galan. Aljihunmu bai kai ya hukunta kowa ba.

Amma su waɗannan gwamnatoci ai ba aljihunmu suka zo nema ba. Wanda ke haƙo kuɗi daga ƙasa ba ya jiran cinikin riga. Bakinmu suka saya. Suna so a samu miliyoyin mutane daga Newcastle har Bagwai waɗanda da an ambaci laifinsu za su miƙe da jijiyar wuya su kare su, ba ko sisi. Kuma sun samu. A ƙauyukanmu ɗan ƙwadago ya san ƙa'ida: zai yi maka noma ya karɓi kuɗinsa, amma in rigimar iyaka ta tashi tsakaninka da maƙwabci sai ya saɓa fartanyarsa ya koma gindin gawo, don gonar ba ta ubansa ba ce. Mai goyon bayan ƙwallo ne kaɗai ɗan ƙwadagon da ke biya a bar shi ya shiga gonar, sannan a fasa masa kai a kan iyakarta.

Abin da ya fi ciwo, waɗanda ake kare gwamnatocin a kansu 'yan'uwanmu ne a wahala. Leburorin da suka gina filayen Kofin Duniya na 2022 a Katar 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Nepal da Indiya da Bangaladash da Kenya, sun bar iyali sun tafi neman na rufin ɗaki. Shugaban kwamitin shirya gasar da bakinsa ya ce tsakanin 400 zuwa 500 sun mutu a ayyukan da suka shafe ta. Kuma wace unguwa ce a ƙasar Kano ba ta da labarin wata baiwar Allah da dillali ya kai aikatau ƙasar Larabawa, uban gida ya riƙe fasfo? Da safe mu yi mata jaje, da yamma mu yi wa masu dokar tafi.

Sai dai kafin mu gama gyara wa Larabawa zama, a leƙa gida, don mu ne malaman wannan fanni. Turawa sun tayar da jijiyar wuya don gwamnati ta mallaki ƙungiya uku ko huɗu. Mu a nan, in aka ce ƙungiya ba ta gwamnati ba ce, shi ne labari. Kano Pillars tun kafuwarta a 1990 ta gwamnatin jiha ce. Katsina United haka, El-Kanemi haka, Enyimba haka. Pillars ɗin, Sai Masu Gida, sun ɗauki kofin ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, sun fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009, sun faɗa rukuni na biyu a 2022 suka dawo a 2023, duk da kuɗin baitulmali. Gwamnati ke naɗa shugabanni, kamar yadda ta naɗa Ahmed Musa babban manaja a 2025. In an ci kofi, hoton gwamna ya fi na mai cin ƙwallo girma. In an faɗi, laifin koci ne. Ko Barau FC da ta hau babbar gasa a 2025, ta Sanatan Kano ta Arewa ce, don haka wani kafin ya yi tafi sai ya tuna jam'iyyarsa.

Cusa siyasa a ƙwallo ma ba Larabawa suka koya mana ba. A 1996 Najeriya na riƙe da kofin Afirka, da gwanayen da ba a sake tara irinsu ba, gwamnatin Janar Abacha ta hana su zuwa Afirka ta Kudu kare shi, bayan cacar baki da Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Hukumar ƙwallon Afirka ta ƙara mana da haramcin gasar 1998. A filin da ke ɗauke da sunan Janar ɗin a Ƙofar Mata muke zama yau mu ce ƙwallo daban, siyasa daban.

Ga bambancin da ya kamata ya hana mu barci. Kuɗin da Yarima ke zubawa a Newcastle na 'yan Saudiyya ne, su ke da haƙƙin tambaya, in an bar su. Kuɗin da ake zubawa a Pillars namu ne, har da na tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar Bichi ana yankar mata rasit, wadda ba ta san ƙwallo zagaye take ko murabba'i ba. Mu an bar mu mu tambaya, amma ba ma yi. Saurayin da zai lissafa maka tuhumar City ɗaya bayan ɗaya, tambaye shi nawa aka ware wa wasanni a kasafin bana, ko me ya sa filin makarantar garinsu har yau da sandar dalbejiya ake kafa raga. Zai ce maka wannan sai manya.

Saboda haka ga shawara, kyauta, ba sai an sayi shayi ba. Kada kowa ya saki ƙungiyarsa. So ba ya jin wa'azi, kuma wanda ya bi Arsenal tun zamanin Kanu ya sha wuyar da ta isa kaffara. Ka yi ihu in an ci, ka tsokani abokin hamayya har ya ƙi cin tuwo. Amma in aka zo maganar mai ƙungiya, ka iya faɗin abu biyu a numfashi ɗaya: ƙwallon nan ta yi kyau, ɗaure marubuci kuma zalunci ne. Harshe ba ya karyewa. Ma'aunin da ka auna City da shi, ka ajiye shi kusa, ranar da wani Shaikh ya taya taka za a buƙace shi. Kuma duk tambaya goma da za ka yi wa Abu Dhabi, ka rage ɗaya ka kai wa ɗan majalisarku ranar da ya zo rabon atamfa. A Jamus doka ta bar wa magoya baya rinjayen ƙuri'a a yawancin ƙungiyoyi, a Barcelona da Real Madrid su ke zaɓen shugaba. Ba daga sama aka saukar musu ba, naci ne.

Wanda kuwa ya ga shi dai jininsa ne, ba zai iya jin an taɓa Yarima ko Shaikh ya yi shiru ba, to aƙalla ya daina zubar da mutuncin sana'a. Ya samu mai shagon kwamfuta a Ɗambatta ya buga masa takardar neman aiki, ya aika Riyad. Mutanen nan suna da lauyoyi a Landan, kuma da awa suke biyansu.